Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kamfanin Da Ke Kula Da Sabar Imel Ɗinmu

Zuwa ga Shugaban Kamfani,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, na fito fili da wannan takarda ne saboda wayar da na buga ofishinku jiya da la'asar ta yi ta ƙara har ta katse, babu wanda ya ɗaga. Ba zan sake bugawa ba.

A watan Fabrairu muka biya ku naira miliyan 2 da dubu 400, kuɗin kula da na'urorinmu na shekara guda. Tun da damina ta sauka imel ɗinmu ya fara rashin lafiya. Ma'aikaci zai buɗe manhajar imel ta Outlook da safe, ta nemi kalmar sirri, ya saka daidai, ta sake nema. Saƙo zuwa ofishin da ke maƙwabtaka da na mai aikawa sai ya wuni a hanya. Takardar farashin taki da muka tura wa wani babban dila ta zauna a layi kwana 2, wa'adin da Exchange, manhajar da ke tafiyar da imel ɗinmu, ke ba saƙo kenan, sannan ta dawo mana. Kafin mu ankara ya saya a wani wuri. Mun kai kuka ta waya, ta WhatsApp, har da ƙafa. Kullum amsar ɗaya ce: ana dubawa.

Ranar 18 ga Nuwamba, ƙarfe 11:20 na safe, injiniyanku ya ɗauki waya. Na ƙara murya don akantanmu ta ji bayanin. Ga abin da ya faɗa: "Alhaji, ku mutanen nan ba ku san kan kwamfuta ba. Intanet ɗinku ne ba kyau, ku kashe ku kunna." Ya ajiye ina tsakiyar magana. Na girme shi nesa ba kusa ba, kuma da kuɗina nake magana.

Sai muka kira wani matashi, muka ba shi dubu 60. Kafin azahar ya gano abin da kuka yi watanni kuna "dubawa". Sabar imel, wato kwamfutar da ke karɓa da rarraba saƙonninmu, ba ta san kowa da kanta ba, duk saƙon da ya shigo sai ta tambayi kundin sunaye na Active Directory ko wane ne mai shi. Muna da sabar kundi biyu, ɗaya a Kano, ɗaya a reshenmu na Kaduna. Ta Kaduna kaɗai kuka bai wa cikakken kundin da ake tambaya ta ƙofar sadarwa mai lamba 3268, kuma kuka bar su a tsari kamar a ɗaki ɗaya suke. Wato duk tambaya sai ta je Kaduna ta dawo a kan layin da ke yankewa da an yi iska, alhali ga saba a bayan kujerata.

Na biyun ya fi ciwo. Ya buɗe sabar Kano ya nuna mini ƙaramin batirin agogonta, mai faɗin kwabo, ya mutu tuni. Duk sa'ad da aka ɗauke wuta kafin janareta ya tashi, agogon sai ya ɓata. Tsarin tantancewa na Kerberos kuwa ba ya yarda da saɓanin da ya wuce minti 5, shi ya sa ake ƙin kalmar sirrin da take daidai. Duk wannan yana rubuce a rajistar kurakurai ta sabar. Babu alamar an taɓa karanta ta.

A bakinsa kuma na ji cewa Exchange 2016 da kuka saka mana, Microsoft ta daina tallafa masa tun 14 ga Oktoba, 2025. Ba ku ce mana uffan ba.

Ina neman ku mayar mana da kuɗin watannin da ba ku yi aiki ba, ku biya dubu 60 ɗin nan, ku miƙo kalmomin sirri na shugabancin sabobin da kuka riƙe, kuma injiniyanku ya ba da haƙuri a rubuce. Na tambayi 'yan kasuwa irina da kuke wa aiki, kusan kukanmu ɗaya. Kun mayar da "laifin intanet ne" jari, domin kun san ƙananan kamfanoni ba su da injiniyan da zai ƙaryata ku, kuna karɓar kuɗin kulawa ba ku kula da komai. Idan ƙarshen wata ya zo ban ji daga gare ku ba, lauyanmu ne zai rubuto, kuma rahoton matashin nan zai isa hannun duk wanda na sani yana biyan ku.

Wassalam,
Manajan wani kamfanin sayar da taki, Kano