Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimin Kumbotso Kan Gubar Da Ke Kashe Mana Lambuna

Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, mu ne talakawanka masu noman rani a bakin kogin Challawa. Mun kawo kuka kan dagwalon da wasu majemu da masana'antu ke sakowa cikin ruwan da muke ban-ruwa da shi.

Kokwamba ce ta fara nuna mana. Da, kwana arba'in zuwa hamsin da shuka mun fara tsinka, 'yan sari na jiranmu a bakin lambu. Yanzu iri ma da ƙyar yake tsirowa. Wanda ya fito sai ya tsugune, ganye ya yi ɗorawa tun yana ƙarami, fure ya kakkaɓe, 'ya'yan da suka tsira su fito a tanƙware. In ka tuge gindi ɗaya, saiwar guntuwa ce, ta yi baƙi-baƙi kamar an babbaka ta. Mun ƙara taki, mun yi feshi, mun sauya iri, duk a banza, domin ciwon a ƙasa yake. Da safe kuma ruwan kan zo da kumfa da wari, wani lokaci har launinsa ya sauya.

Da sinadarin kromiyom ake jimar fata a masana'antu, kuma shi da dalma da kadmiyom ba sa ruɓewa, cikin ƙasa suke zama shekara da shekaru, saiwa tana zuƙa. Wannan ne ya fi tayar mana da hankali, ranka ya daɗe, fiye da asarar kuɗin. Kokwamba ɗanya ake ci, wanki kuma ba ya fitar da abin da ya riga ya shiga cikinta. 'Ya'yanmu na ci, mutanen birni na ci. Ba mu manta da Zamfara ba, inda gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a 2010.

Muna roƙon ka kai kukanmu ga Mai Martaba Sarki da Ma'aikatar Muhalli ta jiha da hukumar NESREA ta tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, a tilasta tace ruwan nan kafin a sako shi. A turo masana daga Jami'ar Bayero su ɗebi ƙasarmu da ruwa da amfanin gona su auna, a gaya mana sakamakon da Hausa, fili-fili. Inda ƙasa ba ta mutu ba, a taimaka mana da rijiyoyin burtsatse kafin shukar bana.

Allah ya ja zamaninka.

Talakawanka,
Manoman rani na bakin kogin Challawa