Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Iyaye da Malamai

Assalamu alaikum, iyaye da malamai masu girma. A madadin kwamitin zartarwa, ga bayanin ayyukan ƙungiya a shekarar karatu da ta ƙare.

Babban abin da muka sa a gaba bana shi ne jawo iyaye maza cikin hidimar makaranta, domin shekara da shekaru iyaye mata ne ke cika tarukanmu, su ne kuma ke fitowa aikin gayya, alhali dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ba ta ware uwa ita kaɗai ba wajen ɗora alhakin ganin yaro ya kammala firamare da ƙaramar sakandare. Da muka tuntuɓi magidanta, mun fahimci cewa da yawansu sun ɗauka duk takardar gayyata neman kuɗi ce, wasu kuma taron safiyar Asabar yana cin karo da cinikinsu a Kasuwar Barci da Kasuwar Gumi.

Saboda haka muka mayar da taro bayan La'asar ranar Juma'a, ganin cewa a Disambar 2021 gwamnatin jihar Kaduna ta mayar da ranakun aikin ma'aikatanta huɗu a mako, Litinin zuwa Alhamis. Mun daina aika takarda ta jakar yara, inda takan ƙare a yayyage tsakanin littattafai, muka koma roƙon limamai da masu unguwa su yi sanarwa. Abin da ya fi tasiri, a ganin kwamiti, shi ne neman kowa ya taimaka da sana'arsa maimakon aljihunsa. Kafintoci daga cikin iyaye sun gyara bencinan da aka daɗe da jibgewa a bayan aji shida, masu walda da ke aiki a Panteka sun ɗora ƙyauren ƙofar makaranta, direbobin keke kuma sun raba wa junansu tsayuwa a bakin titi domin tsallakar da yara da safe.

Sai dai ranar karɓar sakamakon jarrabawa har yanzu uba yakan turo yayan ɗalibi, wanda ba shi da hurumin yanke shawara da malami. A zango mai zuwa za a fara ba da sakamako a wurin taron Juma'a, hannu da hannu. Batun rufin ajin da iska ta yaye a farkon damina kuwa yana gaban kwamitin kula da makaranta, kuma ma'aji zai gabatar da lissafin kuɗi a zama na gaba.