Zuwa ga abokan cinikinmu masu haɗa amfilifaya

Assalamu alaikum.

Daga wannan makon, duk wanda ya zo sayen rezista a shagonmu sai mun tambaye shi inda za ta zauna kafin mu miƙa masa. A yi mana haƙuri, ba bin diddigi ba ne.

Abin da ya jawo haka, wani ɗalibi ne ya dawo mana da allon amfilifayarsa a cikin leda, tun kafin ya kwance ƙauri ya cika shagon. Taransisto 2SC5200 da 2SA1943 ya yi aiki da su, a ƙafarsu kuma ya liƙa rezista mai om 0.33 'yar mitsitsiya, ta kwatan wat. Rabin laifin namu ne, lamba ya faɗa yaron shago ya ɗauko masa, ba wanda ya tambayi wat nawa. Ga lissafin: in amfiya 2 ta bi ta cikinta, 2 sau 2 sau 0.33, zafin wat 1.32 ke nan, ya ninka ƙarfinta fiye da sau biyar. Ina za ta kai? Wurin nan na farar nan ce mai jikin siminti, ta wat 5.

Ta mashigar sauti kuwa kwatan wat ta wadatar, sai dai ku ɗauki shuɗiyar mai zobe biyar. Kuskurenta kashi 1 cikin 100 ne, ba ta kuma cika shuu a lasifika ba. Mai zoben zinariya tana iya kaucewa da kashi 5. Kuma don Allah a daina dogara da ido kaɗai. A rezista mai zobe huɗu, zobe rawaya, shunayya, ja, om 4,700 ne. In zobe na uku ruwan lemo ne ya koma 47,000, kuma da yamma ja da ruwan lemo kusan ɗaya suke, mu da muke cikinsu kullum ma suna ruɗa mu. Mita na nan a kan kanta, ku auna, ba ko sisi.

Sai kafasita. Taransifoma mai 24-0-24 in wutarta ta wuce dayod takan kai bolt 33 ko kusa da haka. Kafasita mai bolt 35 a nan ta zauna a bakin gaɓa, janareto na ɗan yin sama za ta kumbura. Ku sayi mai 50.

Taransisto na jabu sun yi yawa a kasuwa, rubutu tsaf, ciki ba komai. In kun ji arha ta wuce hankali, ku wuce. Na kirkin ma ba zai jure zafin Afrilu a Kaduna ba sai da alminiyom mai kauri a bayansa, kuma ana dacewa da shi a Panteka. Kada a manta da 'yar takardar maika mai hana wuta wucewa tsakaninsu, domin bayan taransisto da yawa akwai wuta.

Ranar kunnawar farko, ku jera ƙwan fitila mai zare na wat 60 a layin wutar da ke shiga taransifoma. In ya yi haske ya dushe, lafiya lau. In ya tsaya da haske, ku kashe ku sake bin wayoyinku.

Mai zuwa ya taho da zanensa, ko a takarda ko a waya. Ɗalibin nan kuwa mun sauya masa kayansa kyauta.

Mun gode, Allah ya bar zumunci.

Masu shago