Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya canza wa injin jirgina ƙwaƙwalwa a Yamai

Zuwa ga Darakta,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, jiya bayan la'asar na sake kiran lambar ofishinku, ta yi ta ƙara har ta katse. Lambar shugaban garejinku kuwa tun watan jiya ba ta shiga in na kira da wayata, amma da ƙanena ya gwada da tasa, nan take aka ɗauka. Shi ya sa na kawo maganar fili, inda sauran masu jirage za su gani. Ban rubuta sunan kamfaninku ba, kun dai san kanku.

Ni mai jirgin ruwa ne, ina ɗaukar mutane da kaya a kogin Isa, wato kogin Neja, musamman tsakanin Yamai da Bubon ranar Laraba da kasuwa ke ci, sauran ranaku kuma duk inda lodi ya samu. Na daɗe ina aiki da injin Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40, irin wanda ya cika kogin nan, mai kafireta, wanda yaron gareji zai kwance ya ɗaura a gindin bishiya. A watan Nuwamba 2024 na sayar da shi, na cika da abin da na tara, na sayi sabon inji a wurinku, shi ma doki 40 amma na zamani mai injakta, a kan sefa miliyan 4 da jika 600. Takardar garanti ta shekara 1 tana hannuna da hatiminku a jiki. Kafin ku taɓa shi, injin nan bai taɓa yi min ko tari ba. Masu ƙera shi ba su yi min laifin komai ba, don haka ba zan kama sunansa a nan ba.

Cikin Janairu, lokacin da ruwan da ke gangarowa daga ƙasar Gine ya iso kogi ya cika, na kawo shi canjin baƙin mai. A hira na ce wa shugaban garejinku in lodi ya yi nauyi hawan ruwa yana cin lokaci. Shi ya kawo shawarar, ba ni ba. Ya ce injina da mai doki 60 uwa ɗaya uba ɗaya suke, ƙwaƙwalwar, wato ƴar kwamfutar da ke sarrafa injin, ita ce kawai ta bambanta, in aka cire tawa aka sa ta mai 60 na samu doki 20 a ɓagas. Na tambaye shi garanti fa? Ya ce ai hannun kamfani ne zai yi aikin, garanti na nan daram. A gaban yaransa biyu ya faɗa. Ranar 11 ga Fabrairu 2025 na biya jika 380 a teburin mai karɓar kuɗinku, aka ba ni rasit an rubuta “gyara da kayan gyara”, ba wani bayani. Ƙwaƙwalwar injina ta asali kuma aka ce za a ajiye min a ma'ajinku.

Abin da ya faɗa ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, kuma nan dabarar take. Gaskiya ne kamfanoni kan ƙera gangar inji ɗaya su fitar da ita da ƙarfi daban-daban. Suzuki DF40A da DF50A da DF60A duk silinda 3 ne masu cc 941, Yamaha F50 da F60 su ma gangarsu ɗaya, cc 996. Ƙwaƙwalwar ita ke yanke yawan man da injakta za ta fesa, da lokacin da buji zai ba da wuta, da iyakar juyin da inji zai yi. Amma ba ita kaɗai ba ce. A wasu injinan akwai wani faranti a hanyar iska da ke rage abin da ƙaramin ke shaƙa, a wasu kuma akwai kayan ciki da suka bambanta. Sannan in ƙarfi ya ƙaru dole a sake duba farfela, don juyin inji ya tsaya inda masu ƙera shi suka iyakance. Duk wannan ba daga bakinku na ji ba, daga bakin wani bakanike na ji bayan aikin gama ya gama. Da ya buɗe, farantin iskar yana nan inda yake, farfelar ma tawa ce ta da. Wato kun sa wa inji ƙwaƙwalwar da ke zuba man doki 60 cikin iskar doki 40, kuka karɓi jika 380, kuka sallame ni cikin ruwa da mutane.

Tun makon farko na ga alamu. Hayaƙi ya canza, buji suna fitowa baƙi ƙirin, tafiyar da nake yi da wajen lita 30 ta koma cin 45, lita kuma a lokacin sefa 499 take a gidan mai, ku yi lissafin da kanku. Gudun da aka yi min alkawari ban gan shi ba. Na kira, aka ce sabo ne, zai daidaita.

Ranar Laraba 26 ga Fabrairu, muna hawan ruwa zuwa Bubon da fasinjoji, yawancinsu mata ƴan kasuwa, wasu da goyo, ƙararrawar injin ta fara kuka, ƙarfinsa ya faɗi, sannan ya mutu. Wanda bai san kogi ba zai ce ai mota ma tana mutuwa. Mota in ta mutu tsayawa take a bakin hanya. Jirgi mai lodi in injinsa ya mutu yana hawan ruwa, ruwan ne ke juya shi ya ba shi gefe, a yankin da kowa ya san akwai dorina. Wasu Sarkawa masu kamun kifi ne suka zo da kwale-kwalensu suka taimaka muka kai gaci. Allah Ya saka musu da alheri, ko sisi ba su karɓa ba. Matan nan sun rasa kasuwarsu, na mayar musu da kuɗin jirgi, wasu kuma har yau ba su sake shiga jirgina ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Daga nan aka shiga je-ka-ka-dawo. Azumi ne, Darakta ya yi tafiya, mai makullin ma'aji bai zo ba. Da aka shiga ƙarancin mai a Yamai cikin Maris, sai kuka samu abin fakewa, wai man ƴan ruwa-ruwa na zuba. Injin ya mutu tun kafin layin mai ya fara, kuma ni a gidan mai nake saye, ina da shaidu.

Sai ranar Talata 22 ga Afrilu, ƙarfe 11 saura, a ofishin mataimakinku. Na ajiye masa rasit da takardar garanti. Ya duba, ya tura min su da bayan biro, ya ce: “Malam, injin da aka taɓa ƙwaƙwalwarsa ba shi da garanti, a rubuce yake.” Na ce wa ya taɓa? Ya ce: “Rasit ɗinka gyara ya ce, bai ce ƙwaƙwalwa ba.” Na ce to a ba ni tawa ta asali. Ya ce ba su da wata ƙwaƙwalwa da sunana. Sannan ya yi dariya ya ƙara da cewa: “Ku ƴan bakin kogi, injin zamani ba naku ba ne, da ka zauna da mai kafiretanka.” Na girme shi nesa ba kusa ba, kuma a gaban sakatariyarsa ya faɗa. Lokacin da nake ƙirga muku miliyan 4 da jika 600, Alhaji kuke kira na har da kawo ruwan sanyi.

Akwai abin da mataimakinku bai yi tunani ba. Ƙwaƙwalwar inji tana ajiye awoyin da ta yi aiki. Bakaniken da na kai wa ya haɗa ta da kwamfuta, ta nuna awa 1,900 da wani abu, injina kuwa wata 3 ke gare shi lokacin da kuka sa ta. Takardar lambar da ke jikinta an kankare. A matsayin sabuwa kuka sayar min. Daga injin wa kuka cire ta? Tawa kuma, mai awoyi kaɗan, jikin injin wa take yanzu? Tsohon inji in aka sa masa ƙwaƙwalwa irin tawa, kwamfuta za ta nuna shi kamar bai yi aiki ba, a sayar wa wani bawan Allah da tsada. Ban ce na kama ku kuna yi ba, amma ku ba ni wani dalilin ɓatan tawa in akwai.

Abin da nake nema bai da wuya. Ku mayar min da ƙwaƙwalwar injina, in ta salwanta ku kawo sabuwa a ledarta mai lambar doki 40, a ɗaura a gabana. Ku mayar min da jika 380. Ku rubuta cewa garantina na nan, ku sa hatimi, kuma duk ɓarnar da man nan ya yi a cikin injin ku gyara da kuɗinku. Asarar ranakun da jirgina ya yi a ɗaure ma ba zan yafe ba, lissafinta yana cikin littafina.

Kuma ba ni kaɗai ba ne. Da na fara magana a bakin ruwa, daga Gamkalle zuwa Saga, na ji wasu da aka yi wa tayin nan da kalmomi iri ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, doki 20 a ɓagas. Wasu sun biya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: ku kuna ofis cikin sanyi, mu ke tsakiyar ruwa da ƴaƴan mutane a kan injin da murfinsa ya ce 40, cikinsa ya ce 60, babu takarda ko ɗaya da ta nuna an taɓa shi. In jirgi ya kife, mai jirgi za a kama, rasit kuma “gyara” kawai zai ce. Ku kira duk wanda kuka yi wa wannan aiki ku duba injinsa kyauta, ku daina rubuta rasit mai rufa-rufa.

Na ba ku zuwa ƙarshen watan nan. Bayan haka zan kai rasit, takardar garanti da hoton abin da kwamfutar ta nuna gaban kotun kasuwanci ta Yamai, tare da duk mai jirgin da ya yarda ya biyo ni, kuma wasiƙa ta gaba za ta zo da sunan kamfaninku.

Wassalam,
Mai jirgi daga Gamkalle, Yamai