Amsa ga ɗan'uwan da ya tambaye ni me ake zuwa gani a Gaya

Assalamu alaikum ɗan'uwa,

Ka tambaye ni a bainar jama'a wai me ke cikin Gaya da nake ta cewa mutane su je, alhali kowa ya san garin direbobin tirela ne da 'yan duwan, wato kwastan, da ƙura. Tunda a fili ka yi tambayar bari in amsa maka a fili. Don kar 'yan Kano su rikice, Gayar Nijar nake nufi, ta jihar Dosso, wadda ke bakin kogin Kwara tana kallon Malanville ta ƙasar Benin, Kamba ta jihar Kebbi kuma na nan kusa da ita ta gabas.

In a tasha ka tsaya to gaskiyarka, abin da ka faɗa shi za ka gani. Amma garin ya girmi kwaltar nan nesa ba kusa ba. Kyangawa na zaune a yankin tun da daɗewa, sannan da sojojin Maroko suka ci Songhai da yaƙi a Tondibi a 1591, sai Askiya Nuhu ya gangaro kudu da sauran jama'arsa suka ja daga a wannan ƙasa ta Dendi, suka yi shekaru suna fafatawa da sojojin Marokon masu bindiga, shi ya sa har yau in ka shiga kasuwa za ka ji Dendanci da Zabarmanci da Hausa da Fulatanci duk a bakin rumfa ɗaya, kuma dangi ɗaya ne a gaɓar nan da waccan tun kafin Bature ya zo ya ce nan Nijar can Dahomey, wato Benin ta yau. Gadar farko da ta haɗa Gaya da Malanville a 1958 aka yi ta, kuma da yake layin dogon da ya taso daga Kwatano a Parakou ya tsaya, dole kayan Nijar su hau mota su biyo ta Gaya, ka ji asalin tirelolin da kake magana. Rigimar Nijar da Benin kan tsibirin Lete ma da ke sama da garin sai a 2005 kotun duniya ta raba ta, ta ba Nijar.

Ni dai kogin nake cewa a je a gani. Ka sauka bakin ruwa da sassafe lokacin da Sarkawa ke dawowa daga kamun kifi, kwale-kwale na tsayawa mata sun shiga ruwa har gwiwa da robobinsu ana ciniki tun kifin na motsi, tarwaɗa da ƙarfasa da giwan ruwa, a gefe ga mai suya man na ƙara. Wanda ya saba da Agadas ko Tawa in ya zo nan wallahi sai ya yi mamaki wai cikin Nijar yake, don nan ne aka fi samun ruwan sama a ƙasar, ga shinkafa a fadama ga rake ga mangwaro, ga giginya iya ganinka ta wajen kwarin Dallol Mawri, muruci kuwa sai ka ture. In ka ƙara gaba kaɗan Dallol Foga ne inda mata ke tace ƙasa su dafa ruwan su fitar da gishiri kamar yadda iyayensu suka yi.

Abu biyu ba zan ɓoye maka ba. Gandun dajin W, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1996, yana yankin, amma 'yan bindiga sun addabe shi, kar wani ya ruɗe ka da zancen giwaye ka shiga. Sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe gadar, mutane suka koma tsallakawa da kwale-kwale da kayansu a ka, talakawan garuruwan biyu sun ji jiki sosai, don haka ka binciki halin da iyakar ke ciki kafin ka taso, kuma ka riƙe takardunka.

In za ka zo ka bari sai sanyi, Disamba zuwa Janairu, lokacin kogin ya cika da ruwan da ya taso tun daga Gini kuma ba zafi. Ka kwana ko da biyu ne, ka nemi mai jirgi ɗan gari ku daidaita kuɗi tun a tudu, ka sa rigar ruwa in akwai, kuma kar ka yarda ka hau wanda aka yi wa lodi fiye da kima.

Ka gaida gida.