Sanarwa ga masu son koyon zane a kan ƙarfe

Assalamu alaikum, ƴan'uwa. Masu niyyar fara koyon zanen hannu a kan ƙarfe za su haɗu ranar Asabar bayan La'asar a rumfar maƙera da ke bayan kasuwar ƙauyenmu. Kowa ya zo da ƙaramar guduma da kurfi da tsohon farantin tagulla ko guntun jan ƙarfe, domin sun fi baƙin ƙarfe laushi. Wanda zai shiga Kano ya duba waɗannan kaya a Kasuwar Kurmi. Makonnin farko wasa bakin kurfi da jan miƙaƙƙen layi kaɗai za a yi, kada kowa ya ƙosa da zanen fure. Ni da dakusasshen kurfi na fara, ya zame, har yau tabonsa yana babban yatsana.