Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shagon kayan keke da ya sayar min da takalmin tsere a matsayin na doguwar tafiya

Assalamu alaikum yallaɓai Manaja,

Na yi ta turo saƙo ta WhatsApp ɗin kwastoma kiya ɗinku, amsa ɗaya ake ba ni wai "kayan da aka riga aka saka ba ma karɓa", shi ya sa na kawo maganar fili, ko Allah zai sa ta kai gare ku kuma ƴan uwana masu hawan keke su ma su gani kafin su tura kuɗinsu.

A shafinku kun rubuta ƙarara cewa takalmin na masu doguwar tafiya ne a keke, ana hawa da shi ana kuma takawa da shi. A kan wannan na yi oda. Abin da ya zo min a webil takalmin tseren kwalta ne zalla, ƙasansa kabon ne mai tauri da santsi ba roba ko kaɗan, ramukan notinsa uku ne, kilit ɗin da ke maƙale ƙafa a feda a waje yake zaune ya turo. Duk wanda ya san harkar keke ya san waɗannan abubuwa biyu ne daban. Mai noti ukun nan irin tsarin da kamfanin Look suka fito da shi ne a 1984 don ƴan tsere, mutanen da ba sa sauka sai sun kai layin ƙarshe. Mu masu tafiya namu mai noti biyu ne, tsarin SPD da kamfanin Shimano suka kawo a 1990, kilit ɗinsa ƙarami ne na ƙarfe yana lume cikin ƙasan takalmin, roba ta kewaye shi, in ka sauka ka taka ƙasa kamar kowa. Ko feda ɗinsu ba ɗaya ba ce, sai da na ari ta wani aboki sannan na iya gwada naku.

Yallaɓai ku duba yadda tafiyar take a wurinmu. Mutum ya ɗora jakunkuna ya kama hanyar Kano zuwa Katsina, wajen kilomita 170, ai ba zama zai yi a kan sirdi tun safe har dare ba. Zai sauka ya yi alwala ya yi sallah, zai tsaya wajen mai shayi, zai sayi ruwa, wani wurin kwalta ta fashe sai an bi burji, wani wurin yashi ne dole ka sauka ka tura keken da kayansa. Da takalminku a ƙafa yatsu suna sama dunduniya tana ƙasa, tafiya kamar ta agwagwa, a kan simintin bakin masallaci saura kaɗan na zame na faɗi da keken gaba ɗaya. Kilit ɗin roba ne mai tauri, tsakuwa ta cinye shi tun kafin a je ko'ina, daga nan ya fara ƙin kama feda yadda ya kamata, wanda hatsari ne babba a titin da tirela ke wuce ka.

Sai maganar sayiz wadda ita ta fi ƙona min rai. Teburin awon da kuka saka tsawon ƙafa kawai ya nuna, ba maganar faɗi, alhali takalmin tsere matsattse ake yinsa da gangan, mu kuma da yawanmu da silifas muka tashi, ƙafarmu a buɗe take. Na tambayi yaronku ko in ƙara lamba ɗaya ya ce a'a daidai yake. To a shago ko a ɗaki da safe zai iya zama daidai, amma ƙafa kumbura take yi in an daɗe ana tuƙi, balle a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 kwalta na turiri. Gaban tafin ƙafata ya dinga zugi kamar wuta, yatsuna suka mutu ban jin su, na sassauta ɗaurin har ƙarshe ba sauƙi domin bakin takalmin ne tsukakke. Takalmin doguwar tafiya yana barin wurin da yatsu za su motsa, ƙasansa da tauri daidai gwargwado don kar feda ta dinga sukar ƙafa amma yana ɗan lanƙwasuwa, wannan shi mai sayar da kayan keke ya kamata ya faɗa wa kwastoma tun kafin ya biya.

Kuma don Allah ta yaya mutum zai san takalmin keke bai yi masa ba in bai hau keke da shi ba? Ba kala na ce ban so ba, kayan ne bai dace da abin da kuka rubuta ba, kuma ina da sikirinshot na tallar da rasit ɗina. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba mutum damar maido kayan da ya saya bai gani ba in ya zo saɓanin bayanin da aka yi masa, hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye tana karɓar irin wannan ƙorafi, ba na son mu kai can amma zan je in ta kama.

Abin da nake nema ku canza min da mai noti biyu mai faɗin baki, lamba ɗaya sama da wannan, in babu ku maido min da kuɗina har da na webil. Sannan ku gyara rubutun nan na shafinku yau ɗin nan, ku saka awon faɗin ƙafa, domin har yanzu tallar tana nan kuma akwai matasa a ƙungiyarmu da ke tara kuɗi wata da watanni don su saya. Takalmin yana cikin kwalinsa, ku faɗa min inda zan turo shi.

Naku,
Wani kwastoma daga Kano